Fumfuna a Ɗakin Barakatu

Idan aka zo maganar tsafta a danginmu, daga kan Barakatu ake farawa, a kanta kuma ake rufewa. Matar yayana Awaisu ce, Allah ya ji ƙansa. Yanzu tana Dayi wurin ɗiyarta, muna gaisawa, in na je ina cin tuwonta. Amma ba yabonta na zo yi ba, don har gobe idan na tuna abin da ya faru a Funtua sai raina ya ɓaci, in rasa wa zan fara zagi, ita ko mai gidan hayarsu. Gaskiya dai ɗaya ce, ban taɓa ganin macen da ke ƙyamar datti kamarta ba.

'Yar Kafur ce. Uwarta fura take damawa a bakin kasuwa, kuma direbobin da ke bin hanyar sukan tsallake masu fura da yawa su zo wurinta, ba don furarta ta fi ta kowa daɗi ba, sai don ƙwaryarta da ludayinta kullum kamar yau aka fafe su. A gindin wannan ƙwarya Barakatu ta tashi. Tun ba ta iya ɗaura zane ba aka koya mata cewa ɗakin mace shi ne mutuncinta, wanda ya ga ɗakinki ya gan ki. Ta riƙe wannan karatu fiye da yadda ta riƙe na allo.

Da aka kawo ta gidanmu a Ƙarfi ina ɗan saurayi, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin ƙanin miji da matar wa. In na dawo gona sai in tako tsakar gidan da ta share da ƙafata duk taɓo, in bi ta ƙofar ɗakinta da gangan. Ta biyo ni da tsintsiya tana cewa, "Mati, Allah ya haɗa ka da ƙazamar mata, ka ji yadda ake ji." Ni kuma in ce mata ranar da ta mutu ma sai ta tashi ta gyara likkafanin. A wurinta a ce mace ɓarauniya ce da sauƙi, a kan a ce ƙazama ce.

Ba su daɗe a Ƙarfi ba Yaya ya samu aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, suka koma can. Shekaru masu yawa ya yi yana shaƙar ƙurar auduga, kullum ya dawo gida gemu da gira fari fat, ita kuma ta tsare shi a bakin ƙofa sai ya kakkaɓe kafin ya shiga. Da kamfanin ya sallami ma'aikata, abokan aikinsa wasu sun fito da babur, wasu da fili, shi kuwa ciwon ƙirji ya fito da shi. In yana numfashi kana ji daga tsakar gida. Ya kafa ɗan tebur na goro da alawa a bakin tasha don dai kada ya zauna haka nan, amma gidan Barakatu ce ta riƙe shi da wankau. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti rububinta suke yi, don in ta wanke farar riga ta goge sai mai ita ya yi shakkar tasa ce. Da wankin nan ta aurar da ɗiyanta mata biyu, ɗaya a Zariya ɗaya a Dayi, aka bar su su biyu a ɗaki. Kuma kada wani ya ce ba ta son mijinta. In tari ya taso mashi ita ce dafa ganye ya yi sirace, ita ce riƙe mashi kai, ita ce bin mai kantin magani har gida.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Nasu ne na ƙarshe. Mai gidan shi ne Alhaji Mahadi, dillalin masara da taki, irin mutanen nan da ke sayen hatsi da kaka lokacin da manomi ke cikin matsi, su kulle shi sai damina ta tsaya abinci ya ƙare a rumbuna. Ni manomi ne, saboda haka kada a tambaye ni ra'ayina a kan irinsu. Su Yaya sun yi shekara da shekaru a ɗakin nan ba wanda ya ji kansu, kuma ba su taɓa sa Alhaji ya yi aike sau biyu ba.

Sai shekarar da masara ta yi daraja, Alhaji ya ga filin da ke bayan gidan yana zaune a banza, ya tada sito. Don kada taku ɗaya na ƙasa ya tsere mashi, ya sa aka matso da ginin har jikin bayan ɗakin su Yaya, aka bar ɗan lungun da ko akuya sai ta yi dabara za ta ratsa. Kwanon siton kuma nan aka karkato shi. Ba magudana, ba komai, aka toshe bakin lungun da katanga. Duk ruwan da ya sauka a kan sito nan yake taruwa ya kwanta, bangon su Yaya ya yi ta sha. Wanda ya san daminar Funtua kuwa ya san ba da wasa take zuwa ba.

Daminar farko ba wanda ya sani. Barakatu ta ga baƙi-baƙi ya fara fitowa a gindin bango ta bayan gado, ta goge. Ya dawo, ta sake gogewa. Takalman da Yaya ke zuwa Idi da su suka yi kore, gafakar Alƙur'aninsa ta yi fari-fari, ta fitar ta shanya a ɓoye ta mayar. Ɗakin ya fara wari irin na tsohon buhu, ta ƙara turaren wuta. Ko Kulu, maƙwabciyarta ta ɗakin kusa wadda suke cin tuwo kwano ɗaya, ba ta gaya wa ba. A ce fumfuna a ɗakin Barakatu? Da rani ya shigo abin ya lafa, ta ɗauka an rabu ke nan.

A damina ta biyu na shigo Funtua sayen taki, na biya tasha ban ga teburin Yaya ba. Aka ce mani yana asibiti. Na iske shi an rufe mashi hanci da baki da wata roba, ƙirjinsa na hawa da sauka, Barakatu na zaune a gefe. A gabana likita ya tambaya ko akwai laima ko fumfuna a inda yake kwana. Barakatu ta ce babu. Yaya ya janye robar da ƙyar ya ce, "Akwai." Kallon da ta yi mashi, ka ce zane ya kwance mata a kasuwa. Likitan bai ja magana ba. Ya ce mai irin wannan ƙirjin in ya ci gaba da kwana cikin fumfuna magani ba zai yi mashi komai ba, ko a gyara ɗakin ko a fitar da shi daga ciki.

Da aka sallamo shi na raka su gida. Kwanakin da ta yi tana jinya ba wanda ya goge bangon, saboda haka na gan shi a ainihin kamarsa. Baƙi ƙirin daga ƙasa har ƙugun mutum, in ka dafa sai tafin hannunka ya jiƙe. Na ɗaga katifa, ƙasanta ya yi kore shar. Na zaro waya zan ɗauki hoto, ta sha gabana. "Ɗakina ba zai shiga wayar kowa a haka ba, gobe in ji ana yawo da shi." Na ce, "Matarmu, yau ba wasa nake ba." Ta ce ita ma ba wasa take ba. Yaya ya ce in ƙyale ta, na mayar da wayar aljihu.

Na ce to ya tattara mu tafi Ƙarfi in ba shi ɗakina. Ya ce shi da furfurarsa ba zai koma ya tare a ɗakin ƙaninsa ba, kuma likitan da ya san ƙirjinsa a nan yake, in abin ya taso ba ya jiran mota. Ya ce zai je ya ga Alhaji, ai mutum ne mai fahimta. Yayana ke nan, ko akuya ce ta cinye mashi goro sai ya ce wataƙila yunwa take ji. Na bi shi, don na san in ya je shi kaɗai godiya zai yi ya dawo.

Muka iske Alhaji a ƙofar shagonsa kan farar kujera, masu sayen taki sun kewaye shi. Yaya ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya iso kan maganar bango. Alhaji ko rage murya bai yi ba.

"Malam Awaisu, gidajen haya nawa gare ni a garin nan? Ba wanda ya taɓa kawo mani ƙarar fumfuna sai kai. Kwano na yoyo?"

Yaya ya ce ba ya yoyo.

"Bango ya tsage?"

Yaya ya ce bai tsage ba.

"To ni nawa ke nan, kwano da bango. Abin da ya tsiro a cikin ɗaki kuma na mai kwana a ciki ne. Ni zan zo in yi maku shara? An ce mani iyalinka wankau take yi, in hadari ya taso ta kwashe jiƙaƙƙun kaya ta shanya a ɗaki, ta rufe taga. Fumfuna ai ba daga sama take faɗowa ba, ƙazanta ke kawo ta. Ka je ka yi wa iyalinka faɗa."

Na ce, "Alhaji, ruwan sitonka ne ke kwanciya a bayan ɗakin. Tashi mu je ka gani."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Yaya, "Wannan fa?"

"Ƙanina ne, daga Ƙarfi."

"To ya bari sai ya gina ko da akurki ne a Funtua, sannan ya zo ya koya mani gini."

Na ce mashi akurkin gidanmu ya fi ɗakin da yake karɓar haya a kai, don kajinmu ba sa tari. Na ƙara da wasu maganganun da ba sai na maimaita ba. Mutane suka shiga tsakani. Yaya na jan rigata, yana tari yana ba Alhaji haƙuri, shi da aka cuta. Wannan ya fi maganar Alhajin ƙona mani rai.

Maganar shanya a ɗaki ba zan ɓoye ba, takan yi in ruwa ya tsare ta. Amma wace ce ba ta yi a gidan? Kulu na yi, ga 'ya'ya rututu ga fitsarin kwance, bangonta ƙalau. A ɗakin su Yaya ma bango ɗaya ne ya yi baƙi, wanda ke jikin sito. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo, to mu mun sani, shi ma Alhajin ya sani, ya ga dai ɗora wa mace laifi ya fi sayen siminti arha.

Kafin mu iso gida maganar ta riga mu. Wani da ke wurin ya gaya wa matarsa, matar ta gaya wa Kulu, Kulu kuwa da magana ba ta kwana a cikinta ta kai wa Barakatu da zafinta, wai Alhaji ya ce a gaban jama'a ita ƙazama ce. Na iske ta tsaye a bakin rijiya riƙe da guga, ba ta ja ba kuma ba ta ajiye ba. Ranar ko tsokanarta ban yi ba.

Washegari na tafi wurin mai unguwa. Dattijo ne, ba zan yi mashi ƙarya ba, ya saurare ni har na gama. Ya ce shi yadda ya taras ana raba irin wannan rigima, abin da ya shigo ɗaki daga waje, ko ta sama ko ta ƙasa ko ta bango, mai gida ke gyarawa. Abin da ya taso daga zaman mutum a ciki kuma na ɗan haya ne. In har bangon daga baya yake shan ruwa, Alhaji zai fidda magudana ko ya so ko bai so ba. Amma gani ya kori ji, zai zo da kansa ranar Alhamis bayan la'asar, a kira Alhajin, a shiga ɗakin a duba.

Na koma na zaunar da su biyun na yi masu bayani dalla-dalla. Kada a taɓa komai. Kada a goge, kada a ɗaga katifa, kada a kunna turare. Yaya ya riƙa kwana a rumfar tsakar gida kafin ranar. Bangon nan shi ne shaidarmu, ba mu da wata. Yaya ya ce to. Barakatu ta ce, "Maza ne za su shigo har cikin ɗakina?" Na ce har ƙuryarsa. Ta ce, "Da Alhajin?" Na ce da shi. Ni kuma na hau mota na koma Ƙarfi in zuba wa masarata taki.

Ranar Alhamis da na dawo ban biya gidan ba, kai tsaye wurin mai unguwa na wuce don kada ya manta. Muka taho tare da wasu dattawa biyu, Alhaji ya same mu a ƙofa yana danna waya. Yaya ya shiga ya ce a ba mu hanya. Tun daga zaure na ji ƙamshin turare.

An share tsakar gida har ana ganin zanen tsintsiya. Sabon labule a ƙofar ɗakin. Muka shiga, bangon nan fari tas, an kankare shi, an shafe da farar ƙasa, an kafa kaskon gawayi an busar. An jingina kabad a inda abin ya fi muni, an jera kwanoni a kai suna ƙyalli. Gado an lailaye shi da zanen da ba ta fiddawa sai da Salla, katifar ma ba ita ba ce, ta Kulu aka aro. Hayaƙin turaren wuta ya cika ɗakin har ido na yaji. Ga tabarma an shimfiɗa, ga ruwan sanyi, har da fura a sabuwar ƙwarya. Ashe tun ranar da na juya baya ita da Kulu suka duƙufa, Yaya na rumfa yana kallo bai hana su ba.

Mai unguwa ya duba gabas ya duba yamma ya ce, "Masha Allah." Ɗaya daga cikin dattawan ya ce rabon da ya shiga ɗaki mai tsafta haka har ya manta. Alhaji ya turo hula gaba yana murmushi. "To ga ɗakin da aka zage ni a kansa a gaban mutane."

Na ce a ja kabad ɗin. Aka ja, nan ma fari. Na ce a dafa bangon a ji sanyinsa, mai unguwa ya dafa, gawayi ya bar shi da ɗumi. Na ce to a zagaya ta sito a ga ruwan da ke kwance a lungu. Alhaji ya ce mukullin na hannun mai gadi, shi kuwa ya tafi ƙauye. Mai unguwa ya ce, "Tunda ciki lafiya, me za mu nema a baya?" Ya juyo kaina ya ce ba a tara dattawa a kan shaci-faɗi, in ba Alhaji haƙuri. Sannan ya yanke cewa in ma wani ɗan tabo ya fito, ga shi an gani gogewa ce maganinsa, wannan kuwa aikin masu ɗaki ne. Alhaji ya kurɓi furar, ya ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida. "Ni dai na janye maganata, Malama Barakatu ba ƙazama ba ce." Suka sa takalma suka fita.

Ban ba shi haƙurin ba. Na jira suka bar zaure, na juyo kanta. Tana bakin murhu, hannuwanta duk sun tsattsage saboda kankara da farar ƙasa. Na ce, "Kin ji daɗi? An wanke ki. Sai ki jiƙa yabon ki ba mijinki ya sha." Na ce garin neman gira ta rasa ido. Na ce jin kunyar marar kunya asara ce, ita kuwa da numfashin yayana ta yi tata asarar.

Ta ce, "Mati, so kake dattawan unguwa su shigo ɗakina su ga abin da ka gani? Da wane ido zan sake fita? Wa zai sake ba ni wanki?"

"Da idonki biyu za ki fita, ga mijinki a raye."

"Ai sun ga ba laifina ba ne."

"Sun ga ba laifin kowa ba ne. Abin da kika nuna masu ke nan."

Wallahi ina jin sai a lokacin ta gane. Ita a tunaninta in aka ga iyakar tsaftarta, dole a ce to laifin na Alhaji ne. Kulu ta leƙo tana cewa ai ko a ina ne ba a karɓar baƙi a ɗaki haka nan, na ce ta mayar da kanta ciki kafin in haɗa da ita. Yaya daga rumfa ya ce, "Mati, ya isa." Na ce bai isa ba, shi ma yana zaune aka kankare bangon a gabansa. Ya ce, "Tunda na aure ta ban taɓa hana ta shara ba, yau zan fara?" Na tafi ban yi masu sallama ba.

Ba a rufa mako ba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Farar ƙasar ta kumbura tana zubowa, baƙin ya leƙo ta ƙarƙashi, ya dawo har ya fi da. Na koma wurin mai unguwa, ya ce shi ba sa'an wasana ba ne da zan riƙa yawo da shi, magana ta ƙare. Alhaji kuwa ya aiko cewa in ɗakin bai yi masu ba ƙofa a buɗe take, akwai masu jira. Muka bazama neman wani ɗakin. Tsakiyar damina wa ke tashi daga ɗaki? Inda aka samu kuma sai an biya na shekara a dunƙule, abin da ko an girgiza mu duka ba zai zubo ba sai an yi girbi. Na ce su daure zuwa kaka, ina sayar da masara zan kama masu wani.

Yaya ya rasa inda zai sa kansa. In ya kwana a rumfa sanyi da feshin ruwa su tada mashi tari, in ya shiga ɗaki fumfuna ta shaƙe shi. Barakatu ta koma goge bango safe da yamma, ta bar wankau, ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Matar da ba ta roƙon ko gishiri ta je gidan Alhaji da ƙafarta, ta durƙusa gaban matarsa ta ce a taya ta roƙo. Aka dawo mata da amsa cewa Alhaji ya ji, amma sai bayan damina, ba a aikin siminti cikin ruwa. Muka yi ta jeka-ka-dawo tsakanin gida da asibiti. Ranar ƙarshe masara ta yi goyo har an fara gasa ta a bakin titi, ina gona aka kira ni. Kafin in iso Funtua an rufe mashi fuska.

Likita bai ce fumfuna ce ta kashe shi ba, ni ma ban ce ba. Kwana ne ya ƙare, ƙirjin kuma da ma auduga ta cinye rabinsa. Amma na san abin da na sani, kuma ban yafe ba.

Aka kai shi aka dawo. A ɗakin nan za ta yi takaba, nan kuma mata za su yi ta shigowa gaisuwa, daga Kafur, daga Ƙarfi, daga ko'ina. Kwanakin jinyar ƙarshe ba a goge bangon ba, ya koma yadda na fara ganinsa har ya haura. Kulu ta shigo da tsintsiya da bokiti da kaskon turare, ɗiyan Barakatu biyu na biye da ita, za su gyara kafin mutane su cika. Barakatu na zaune kan tabarma a gindin bangon, ta ce, "Kulu, ajiye." Babbar ɗiyar ta fashe da kuka ta ce, "Inna, dangin mijina na hanya daga Zariya, a haka za su gan mu?" Ta ce, "A haka." Ta sa aka cire labulen, aka ja kabad gefe, aka jingine katifar yadda ƙasanta zai kalli ƙofa.

Haka mata suka yi ta shiga suna fita. Wasu su toshe hanci da gefen mayafi, wasu su yi gaisuwar a tsaitsaye. Da kunnena na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta a zaure, ashe tsaftar tata ta ganin ido ce. Barakatu ma ta ji irin waɗannan, ba ta ɗaga kai ba.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, ga mai unguwa, sai ga Alhaji Mahadi da buhun masara a bayan mota, a ga ya yi abin kirki. Da na ga buhun nan sai da wanda ke kusa da ni ya danne mani gwiwa don kada in tashi. Ana shafa fatiha ƙaramar ɗiyar ta leƙo daga zaure ta ce Inna na son mai unguwa da Alhaji su shigo ta karɓi gaisuwarsu. A gaban jama'a aka faɗa, ba damar ƙi. Suka tashi, na shige gaba.

Ba turare ranar, warin ya tare su tun daga bakin ƙofa. Mai unguwa ya sa ƙafa ɗaya ciki ya tsaya yana kallon bangon. Alhaji ya fara, "Malama Barakatu, ya haƙuri, Allah ya..." Ta katse shi, murya ƙasa-ƙasa, fuskarta cikin mayafi.

"Baba mai unguwa, ran nan kun zo na ɓoye maku. Ga ɗakin da Malam ya kwana a ciki damina biyu. Ku dafa bangon."

Mai unguwa ya dafa. Ya duba tafin hannunsa, ya rasa inda zai goge. Ya juya ya ce, "Alhaji, ina mukullin siton?" Wannan karon yana aljihunsa. Muka zagaya da duk wanda ke ƙofar gida, aka leƙa lungun. Ruwa ne kwance ya kusa gwiwa, ya yi kore, har da kwaɗi. Alhaji ya shiga rantsuwa, wai shi bai sani ba, magina ne suka cuce shi.

Washegari da safe ya turo magini da lebura, da buhun siminti ɗaya. Ga hadari ya haɗu a sama, ga yayyafi, wanda aka ce ba a aiki a cikinsa. Suka fasa gindin katangar da ta toshe lungun, ruwan ya tsiyaye zuwa kwata, suka ja magudana, suka sa wa kwanon siton indararo ya juya titi. Ina tsaye a kansu. Ba a kira azahar ba suka wanke cebur suka tafi.

Na shiga gidan na tsaya a bakin ƙofarta. Tana nan inda take a gindin bangon, duk bugun da suke yi a baya a kunnenta aka yi shi. Ta ce, "Mati, na ji shiru. Sun tafi cin abinci ne?"

Na ce, "Sun gama."

"Duka?"

"Duka."

Sannan ta ce in ja mata ƙofar in zan tafi.